GWAJIN DNA: SHAIDA NE, AMMA A HANNUN WA?

Duk wanda ya taɓa bin sawun ɗan uwansa zuwa caji ofis, a Argungu ne ko Birnin Kebbi ko wani gari a ƙasar nan, ya san yadda bincike ke gudana. A kama mutum tukuna, sannan a nemi hujja, galibi kuma daga bakinsa ake tatso ta. Dokar hana azabtarwa ta 2017 tana nan kwance a takarda. Saboda haka maganar gwajin ƙwayar halitta, wato DNA, ta shafi talaka kafin ta shafi likita ko lauya.

Allah Ta'ala ya sanya wa kowane mutum tambari a jininsa, da miyansa, da maniyyinsa, da saiwar gashinsa, wanda ba ya haɗa shi da kowa in ban da tagwaye masu kama ɗaya. Wani masani a Ingila, Alec Jeffreys, ya gano hanyar karanta tambarin a 1984. Abin lura shi ne, karon farko da aka shigar da gwajin cikin binciken kisa, a 1986, ba kama mutum ya fara yi ba, kuɓutar da shi ya yi. Wani yaro ɗan shekara 17 ya riga ya amsa wa 'yan sanda cewa shi ya kashe wata yarinya, gwaji ya nuna ba shi ba ne. Samari nawa ne a gidajen yarinmu suka amsa irin wannan amsawar, ba su da mai wanke su?

Musulunci bai ƙyamaci hujjar alama ba. Yagewar riga ta baya ce ta wanke Annabi Yusuf (AS). Sai dai malamai sun ja layi. A Janairun 2002 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka, ta yarda a dogara da gwajin a binciken laifuka, ban da tsai da haddi ko ƙisasi, ta kuma hana a kore nasabar da ta tabbata da shi, ko a gabatar da shi a kan li'ani.

Wanda ke ganin wannan layi tsoron ilimi ne, to ya tuna shari'ar Safiya Husaini ta Tungar Tudu. A Oktoban 2001 kotun Gwadabawa ta yanke mata jefewa saboda ciki, namijin da ta ambata kuwa ya musanta, aka sallame shi. Da yawa sun yi ta kiran a gwada jinin jaririyar don shi ma ya ɗanɗana. Abin da ba su hango ba, wuƙar baki biyu gare ta. A ɗaukaka ƙara Safiya ta ce cikin na tsohon mijinta ne. Da gwaji na tsai da haddi, da ya isa ya rushe wannan shubuhar, a rasa rai a banza, alhali shari'a neman hanyar tunkuɗe haddi take yi, ba neman wanda za ta jefe ba. A Maris 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta Sakkwato ta sallame ta. Inda gwajin ke da aiki na gaske shi ne fyaɗe da kisa da gawar da aka kasa ganewa, inda alƙali zai iya yin ta'aziri ko ya saki wanda aka ƙulla wa sharri.

Saura babbar tambaya, wa zai riƙe kwalbar? Ko a waccan shari'ar ta Ingila, da aka ɗebi samfurin maza kusan 5,000, ainihin makashin, Colin Pitchfork, abokin aikinsa ya tura ya ba da jini da sunansa, sai a 1987 asiri ya tonu. Can ke nan. To ina ga nan, inda fayil sukutum ke ɓata a ofis? Cibiyar gwajin da gwamnatin Legas ta buɗe a 2017 an yi mata ɓarna a tarzomar Oktoban 2020. Samfurin da zai tashi daga Argungu ya bi ta hannu biyar ko shida kafin ya isa ɗakin gwaji, in mai kuɗi ya sayi hannu ɗaya cikinsu, sakamako zai fito da hatimi da sa hannun ƙwararre, kuma ƙarya ne. Wannan ya fi shaidar zur haɗari, domin mai shaidar zur ana iya titsiye shi a gaban alƙali.

Wannan jarida na kira ga Majalisar Dokokin Jihar Kebbi ta yi doka bayyananna: a rubuta sunan duk wanda samfur ya ratsa hannunsa, a ba wanda ake tuhuma damar sake gwaji a wani wuri da kuɗin gwamnati, a kuma lalata samfurin wanda aka wanke, kada ya zama rumbun farautar mutane gobe.

Kafin nan akwai aikin da ke wuyan 'yan uwa matasa, don su ake fara kira idan abu ya faru a unguwa. Idan aka yi wa yarinya fyaɗe, kunya kan sa iyaye su yi mata wanka su wanke tufafin, da haka hujja ke bin ruwa. A lallashe su a kai ta asibiti nan take, kada a wuce kwana uku. Tufafin kuma a naɗe su a takarda mai tsabta, ba a leda ba, domin danshi na lalata samfur.