Sadaki, sadaka, saɗaka

A hutun da ya wuce na halarci wani ɗaurin aure a garinmu Sanam, cikin ƙasar Kurfai. Wani dattijo ne ya ba wani matashin malami ɗiyarsa. Babu lefe, babu kuɗin gaisuwar iyaye, sadakin ma uban ne ya biya daga aljihunsa. Liman ya shafa fatiha, aka raba goro da dabino, maza suka watse suna sa wa dattijon albarka saboda ya yi auren sadaka. Da marece na shiga cikin gida gaida iyaye mata, sai na ji wata gwaggon amarya tana kiran wannan aure da sunan auren tilas. Aure ɗaya ya tashi da suna biyu, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Tun daga ranar nake ƙorafi da yadda muke rubuta babin «ire-iren aure» a kundayenmu na kammala karatu. Mukan jero su reras: auren soyayya, auren zumunta, auren sadaka, auren dole, auren kisan wuta, auren jeka-da-kwarinka, kamar mai lissafa irin wake a kasuwar Filinge. Alhali kowane suna akwai inda mai raɗa shi ya tsaya. «Auren sadaka» daga wurin uba ake kallonsa, domin shi ne mai bayarwa, shi ne mai neman lada. «Auren zumunta» maganar dangi ce masu son dukiya da jini su tsaya cikin gida. «Kisan wuta» bukatar tsohon miji ce, wanda ya yi saki uku ya dawo yana cizon yatsa. A cikin jerin duka, «dole» ko «tilas» ne ke ɗauke da muryar yarinyar da aka aurar ba da son ranta ba, shi ya sa ba za ka taɓa jin waliyyi ya furta shi a bainar jama'a ba. Don haka auren dole ba wani iri ba ne da ke zaune gefen sauran. Yana iya kwana a cikin na zumunta, yana iya kwana a cikin na sadaka.

Wani zai ce wannan aikin masana zamantakewa ne, mu namu furuci da ginin jimla. To mu dubi furucin. Muna alfahari da cewa «amre» da «arme» na Hausar yamma sun riƙe harafin m da «aure» ya saki, wanda har yanzu yake nan cikin «amarya». Madalla. Amma ga wasu kalmomi uku da suka fi bukatar kunnenmu: sadaki haƙƙin mace ne da shari'a ta wajabta, sadaka kyauta ce don Allah, saɗaka kuwa (daga «sa ɗaka») ƙwarƙwara ce, baiwar da ubangidanta ya ajiye ba tare da an ɗaura aure ba.

Gabas da mu, a jihar Tawa, an sayar da Hadijatu Mani a 1996 tana da shekara 12, kan kuɗi jika 240, aka kai ta gidan wani mai mata huɗu a matsayin wahaya, wadda ake yi wa laƙabi da «mace ta biyar». Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, da ta zauna a Yamai, ta sami gwamnatin Nijar da laifin gaza kare ta daga bauta, ta kuma yanke a biya ta diyyar sefa miliyan 10. A takardun Faransanci na wannan shari'a an rubuta matsayinta da «sadaka». A fahimtata saɗaka ake nufi, ƙugiyar ɗ ce ta faɗi a hanya. Bahaushen da ya karanta kalmar yadda take a rubuce, aikin lada zai gani a inda aka yi cinikin mutum.

Ba ina haɗa dattijon Sanam da masu sayen wahaya ba ne. Na san shi, da kyakkyawar niyya ya yi. Sai dai a ƙasar da binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan mata ana aurar da su kafin su kai shekara 18, bai kamata ɗalibin harshe ya kwashi sunan aure daga zaure ya zuba a kundi ba tare da ya faɗi bakin wanda ya fito ba. Idan mun fita tattara bayanai, mu rubuta mai magana: namiji ko mace, waliyyi ko uwa, a zaure ko a tsakar gida, kamar dai yadda muke rubuta garinsa da shekarunsa in muna bin karin harshe.

Ni kaina ban cika wannan sharaɗi ba a Sanam. Na ji ta bakin maza, na ji ta bakin gwaggo. Amarya kuwa tana ƙuryar ɗaki a lulluɓe, ƙawayenta na kewaye da ita, kuma al'ada ba ta ba ni hanyar in tambaye ta sunan da ita ta ba auren ba.