Daga madafarmu: gaton shayi da zuma, da lissafin da ya biyo baya

 

Makonni uku da suka wuce, bayan an gama zubi, ƙaramar cikinmu ta fiddo salula ta nuna mana hoton wani gato da ƙanwarta mai karatu a Yamai ta turo mata. An zuba mishi wani abu mai sheƙi a kai, an yayyafa ƴan furanni masu launin shuni. Wai da shayi da furen lafanda ake yin shi, a lulluɓe da zuma. Ta ce a ba ta bashin jikka 30 ta sayi kwanonin gashi da kayan haɗi, ta fara yi na saidawa.

Ma'ajiyarmu ta dube ta ta ce, "Ɗiyata, kin taɓa yin shi?"

Ta ce, "A'a Inna, amma na ga yadda ake yi."

Nan aka rabu biyu. Wasu suka ce a ba ta, tun da ba ta taɓa makara da biya ba. Wasu suka ce kuɗin nan gumin mata 25 ne, ba a zuba shi a kan hoto. A ƙarshe muka tsaya a kan mu haɗa dala ashirin-ashirin daga aljihunmu, mu gwada tare a gidan ɗayarmu kafin a taɓa akwati.

Lafanda dai ba baƙuwarmu ba ce, mun san ƙamshinta a sabulu da turare. Tsiro ce da ake nomawa gonaki-gonaki a kudancin Faransa, a yankin da ake kira Furobans, tana fure a watannin Yuni da Yuli. Yawancinta manta ake tatsa don turare, amma akwai busasshen furen da ake sawa a abinci, shi ma tsunkule kaɗan, don in ya yi yawa sai ki ji kamar kin tauna sabulu. Mun zagaya kasuwa ba mu samu ba. Wata ta ce to a ɗiga turaren lafanda mana, ai ƙamshin ɗaya ne. Ƴan'uwa, kada wadda ta yi haka. Turare da man shafawa ba a yi su don ciki ba, suna iya cutar da mutum.

Da muka zauna muka duba, sai muka gane dubarar ba a furen take ba. Dubarar ita ce a jiƙa abin ƙamshi cikin madara mai zafi, a tace, a kwaɓa gari da ita. To abin ƙamshi ai muna da shi. Muka ɗauko sitronel, ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da muke jefawa a butar shayi. Wadda ba ta da ita, na'ana'a ma ta yi.

Gwajin farko bai yi ba, gara mu faɗi gaskiya. Mun ɗauki koren shayin da maza ke dafawa a ƙofar gida, muka tafasa shi cikin madara kamar yadda aka saba, sai gato ya fito da ɗaci har yara suka ƙi ci. Ga shi mun cika garwashi a ƙasa, gindin ya ƙone, tsakiya ɗanye. Muka zuba zuma yana da zafi, ta tsiyaye duka cikin faranti. Ranar mun sha dariya, amma mai neman bashi ba ta yi dariya ba. Ta ce da jikka 30 ɗin ne fa?

Ga yadda muka yi a karo na biyu, wanda ya yi kyau. Kofin awonmu shi ne wanda huɗunsa ke cika lita.

Kayan haɗi: fulawa kofi 2, sukari kofi 1 da bai cika ba, margarin ko man shanu rabin kofi, ƙwai 3, madara rabin kofi da ɗan ƙari, lebur na gato ƴar takarda 1, baƙin shayi mai zare guda 2, ganyen sitronel kamar 5 a yanka, gishiri tsunkule.

A ɗora madara, da ta fara zafi sosai a sauke, kada ta tafasa. A jefa shayi da sitronel a rufe. Bayan minti 5 a cire shayin, don shi ne mai kawo ɗaci in ya daɗe. Sitronel a bar shi har madarar ta huce, sannan a tace. A buga man da sukari da muciya har ya yi haske ya yi laushi, a fasa ƙwai ɗaya-ɗaya ana bugawa. A tankaɗe fulawa da lebur da gishiri tare, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana bi da madarar. Da gari ya ɓace a daina juyawa, yawan juyi ke sa shi tauri.

Ba mu da injin gashi, kuma ba dole ba ne. Babbar tukunya muka samu, muka zuba rairayi mai tsabta kaurin yatsa uku, muka bari ya yi zafi. A shafa wa kwano mai, a barbaɗa gari, a zuba kwaɓin ya tsaya rabi, a zaunar da shi kan rairayin. Garwashi kaɗan a ƙasa, mai yawa a kan murfi. Kada a buɗe kafin minti 25, in ba haka ba ya faɗa. Namu ya kai minti 45. A soka tsinke mai tsabta a tsakiya, in ya fito babu kwaɓi, ya nuna.

Na bisa kuwa, a daka sukari a turmi mai tsabta har ya koma gari, a tankaɗe, a ɗebi cokali 8. A sa zuma cokali 2, ruwan lemun tsami cokali 1, a dama ya yi kauri kamar kunun da ya huce. Sai gato ya yi sanyi sarai kafin a zuba. A rufe da kwando a inuwa, don tururuwa da ƙuda ba sa jiran gayyata. Zuma kuma a nemi ta gaske wurin wanda aka yarda da shi, irin ta Gaya ko ta Madarunfa, don akwai masu haɗa ta da narkakken sukari. Abu ɗaya da muke roƙo kada a manta: ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko lasa ce, don tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da cikinsa bai iya yaƙa ba tukuna.

To, an ci an yaba, har maƙwabta suka leƙo don ƙamshi. Sai muka ɗauko littafi da alƙalami, don karatun da muka yi a ajin yaƙi da jahilci ranarsa ke nan. Muka rubuta komai, har gawayi da lemun tsami. Gato ɗaya ya ci mana sefa 1,750, ya ba da yanka 12. Ƴar'uwarmu da ma a ranta dala 20 za ta sai da kowane yanka. Ke nan 1,200 za ta samu, ta yi hasarar 550 a kowane gato, tana ganin kuɗi na shigowa ba ta san uwar kuɗi ke narkewa ba. In ta sa dala 40, ta samu 2,400, riba 650, ba a ma sa wahalarta ba.

Amma wa zai sayi yanka ɗaya dala 40 a unguwarmu, inda yaro ke zuwa da dala 5 ya sayi fanke? Nan muka gane wannan ba kayan talla ba ne, ba kuma ya son yawo cikin rana. Kayan biki ne, da suna, da Salla, da ma'aikatan da ke son a kai musu. Saboda haka muka ba ta shawara ta riƙa yi sai in an ce mata a yi, kuma ta karɓi rabin kuɗi tun kafin ta fasa ƙwai.

Bashin da ta ɗauka a ƙarshe jikka 8 ne, ta sayi kwano biyu da rariya da kaya na gato uku. Satin nan aka yi suna a bayan gidansu, ta kai biyu, an biya ta, ta kuma kawo kashin farko na bashinta ranar zubi.

Shawararmu ga kowace ƙungiya: in wata ta zo da sabuwar sana'a, kada a kashe mata gwiwa, kada kuma a buɗe akwati a ranar. A haɗa ɗan abin da ba zai yi ciwo ba, a gwada tare, a rubuta abin da aka kashe, a tambayi kai wa zai saya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wadda ta gwada da na'ana'a ko citta, ta aiko mana labari ta hannun shugabar ƙungiyarta. Allah ya sa albarka a asusunmu. Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.