Wankin Tsummokin Jariri da Sallar Mai Goyo

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu bar kasuwa da ofis mu shiga cikin gida, har gindin bahon wanki. Na san wani zai ce me ya haɗa malami da tsummokin jariri, ai wannan sha'anin mata ne. To, babin tsarki shi ne ƙofar ibada a littattafan fiƙihu, gidan da a ke goyo kuwa ba ya rabuwa da najasa dare da rana. Mata da yawa su kan tara azahar da la'asar har su kai su almuru, in an tambaye su su ce ai ba su da tsarki, yaro ya ɓata su. Maigida kuma yana sahun farko a masallaci da farar rigarsa, bai san abin da ya ke aukuwa a ɗakinsa ba. Alhali kuwa shari'a ta riga ta yi wa mai goyo sauƙin da yawancinmu ba mu gaya mata ba, ta kuma ɗora wa uba nauyin da yawancinmu ba mu ɗauka ba.

Mu fara da sanin girman aikin. Jariri lafiyayye, in ya wuce makonsa na farko, ya kan yi fitsari sau 6 ko fiye a yini da dare, ban da kashi. A watannin farko a kan sake masa kunzugu, watau abin da mutanen birni ke kira nafkin, kamar sau 8 zuwa 10 kullum. Wanda ya sayi guda shida ranar suna ya ce ya gama, bai yi lissafi ba. Kafin wankakku su bushe, musamman da damina, sai an sami kamar dozin biyu sa'an nan uwa za ta huta da ɗaura masa mai danshi.

Game da hukuncin fitsarin, a mazhabar Imamu Malik najasa ne, na namiji da na mace, ko ya fara cin abinci ko bai fara ba, kuma wanke shi a ke yi. Akwai hadisin Ummu Ƙaisin 'yar Mihsanu, wanda ya zo a Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, cewa ta kawo ɗanta ƙarami wanda bai fara cin abinci ba, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zaunar da shi a cinyarsa, yaron ya yi masa fitsari a tufa, sai ya sa aka kawo ruwa ya yayyafa, bai wanke ba. Shafi'iyya da Hambaliyya sun riƙi zahirin wannan, suka ce yayyafi ya isa ga fitsarin ɗa namiji mai shan nono kaɗai, na 'ya mace kuwa sai an wanke. Malamanmu da Hanafiyya suka fassara yayyafin da kwarara ruwa ba tare da cuɗawa mai tsanani ba. Saboda haka wanda ya ga maƙwabcinsa yana yayyafawa kada ya ɗauke shi jahili, yana da magabata. Amma kashi babu wannan rangwame a kansa, ko da na ɗan kwana bakwai ne. Yawun jariri da majinarsa da hawayensa da guminsa duk masu tsarki ne, haka nan tumbuɗin da ya fito yana nono kamar yadda ya sha shi, bai jirkita ba.

Sauƙin da na ambata yana cikin Muhtasar na Shehu Halilu, malamin Masar na ƙarni na takwas na Hijira. A cikin abubuwan da ya lissafa waɗanda a ke yafewa saboda wahalar kauce musu, ya sa tufafin mace mai shayarwa, da sharaɗin tana iyakar ƙoƙarinta wajen kare kanta. Masu sharhi suka haɗa da jikinta. Ƙoƙarin kuwa shi ne irin wanda kowace uwa mai hankali ta ke yi: ta ɗaura wa yaro kunzugu, ta sa wani ƙyalle tsakaninsa da zanen goyo, ta janye shi in ta ga alama. Abin da ya same ta bayan wannan an yafe, ta yi sallarta a kan lokaci, sallar ta inganta. In ya yi yawa har ya munana, an so ta wanke. An kuma so ta keɓe tufa guda domin salla, amma so ne, ba wajibi ba. Wadda ta saki jiki ba ta kula ko kaɗan, ita ba ta shiga cikin wannan rangwame ba. Wurin salla kuma ba ya ciki, tun da tana iya gusawa zuwa inda ya ke da tsarki.

Har wa yau, wanke wa yaro kashi ba ya karya alwala. Taɓa najasa ba ya cikin abubuwan da ke warware ta, haka nan taɓa gaban ƙaramin yaro wajen yi masa tsarki. Uwa ta wanke hannunta kawai ta tada kabbara. Na ji mata da yawa su kan sake alwala sau uku kafin su sami yin salla guda, ga ruwan kuma na saye ne a wurin 'yan garuwa. Wahala ce da ba wanda ya ɗora musu.

Yanzu sai wankin kansa, kuma a nan ne na ke so a tsaya a natsu, domin a nan kuskure ya fi yawa, har a gidajen da a ke ganin sun fi kowa tsabta. Tsabta daban, tsarki daban. A mazhabarmu ba abin da ke kawar da hukuncin najasa sai ruwa muɗlaƙi, watau ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai sāke da wani abin da aka zuba masa ba. Ruwan da ya yi kumfa da sabulu ko Omo ya fita daga wannan suna. Yana cire ƙazantar, ya sa tsumma ya yi fari fat, amma hukuncin najasa yana nan har sai ruwa zalla ya bi ta kansa. To, ga abin da a kan yi: a cuɗa da sabulu, a matse, a tsoma a ruwan da ya riga ya yi kumfa, daga nan a zarce cikin ruwan bula ko na turaren wanki, a shanya. Ido ya gamsu, hanci ya gamsu, amma ba a yi ɗaurayar da shari'a ta nema ba. Zanen goyo ko rigar da aka wanke haka, mai salla da su bai fita daga magana ba.

Gyaran ba shi da wuya. A fara kankare kashin a zuba a masai, a kwarara wa wurin ruwa daga buta har mafi yawansa ya tafi. Sa'an nan a jiƙa a bokitin da aka keɓe don wannan aiki, a wanke da sabulu. Daga ƙarshe a ɗauraye da ruwa zalla, ana sakewa, har ruwan da ke fita daga tsumman ya fito ba tare da launi ko warin najasa ba. Ba a ƙayyade adadi ba, ba sai sau uku ko bakwai ba, kuma ba a bukatar niyya, ko yarinya ce ta wanke ya tsarkaka. Bayan wannan, mai son bula ya sa, ba ta ɓata kome, domin abu mai tsarki ne ya haɗu da mai tsarki. Mai injin wanki shi ma hukuncinsa ke nan, muddin injin yana zubar da ruwan sabulu ya ɗebi sabo ya ɗauraye. Ɗaurayar nan kuma likitoci ma suna nemanta, domin ragowar sabulu da maganin sa fari a jikin tsumma suna cin fatar jariri.

Tabon nan rawaya da kashin mai shan nono kan bari, wanda a kan cuɗa har hannu ya sāɓe bai fita ba, an yafe shi. Launi da warin da suka yi wuyar fita ba sa hana tsarki. Rana ma ta kan kwashe mafi yawansa. Sai dai a lura, rana tana fid da tabo, tana busarwa, amma a wurin malamanmu ba ta tsarkakewa. Katifar da yaro ya jiƙa, in aka shanya ta ta bushe, najasar tana nan. Busasshiya ba ta bin busasshen jiki, saboda haka kwanciya a kanta ba laifi, kuma wanda larura ta sa shi yin salla a kai, kamar majinyaci, sai ya shimfiɗa wani abu mai kauri mai tsarki, kamar yadda mai Risala ya yi bayani. Wanda ya san inda fitsari ya taɓa rigarsa ya wanke wurin kaɗai, in wurin ya ɓace masa ya wanke rigar duka, in kuwa shakka ya ke ko ya taɓa, ya yayyafa ruwa ya wuce. Wannan duk ɗalibin da ya karanta Ahalari ya san shi, sai dai karatun ya kan tsaya a zaure, bai shiga cikin gida ba.

Ruwan wankin fa, ina za a kai shi? A nan al'adarmu ta yi rauni ƙwarai. Mutane da yawa sun ɗauka kashin jariri ba shi da illa, sai a watsa ruwansa a tsakar gida ko a lungu, inda 'ya'yan maƙwabta ke rarrafe, ko kusa da bakin rijiya. Masana kiwon lafiya sun tabbatar da cewa kashin yara yana ɗauke da ƙwayoyin gudawa kamar na manya ko fiye. Ƙwayar shan inna ma ta kashi ta ke fita, har daga yaron da ba a ga alamar ciwo a jikinsa ba. An ga na ƙarshe na asalin wannan cuta a Nijeriya a Jihar Borno cikin 2016, aka kuma bayyana Afirka ta rabu da ita a watan Agusta na 2020, amma hanyar da ta bi ita ce dai hanyar da amai da gudawa ke bi har gobe. Hadisi ya yi hani mai tsanani ga yin bayan gida a kan hanyar mutane da inuwarsu, wata ruwaya ta ƙara da mashayarsu. Ban ga bambanci ba tsakanin wanda ya tsuguna a hanya da wanda ya kawo abin a baho ya zuba. Masai ne wurinsa, sa'an nan a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa nono ko tukunya.

Shanya kuma a kan igiya, a cikin rana, ba a ƙasa ko kan ciyawa ba. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa da kan tufafin da ke da saurar warin fitsari, tsutsarsa ta shiga fatar yaro ta fito kamar maruru. Ma'aikatan da aka yi wa canji zuwa garuruwa masu yawan ruwan sama sun san shi. Dutsen guga mai zafi yana kashe ƙwan. Wandon roba da a ke ɗorawa a kan kunzugu yana kare zanen uwa, amma in ya daɗe yana dafa fatar yaro ne, sai a riƙa barinsa ya sha iska, a shafa masa man kaɗanya.

Sai maganar salla da goyo. Ya tabbata a hadisin Abu Ƙatada cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umamatu 'yar Zainabu, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Don haka ɗaukar yaro ba ya ɓata salla, kuma ba a ce uwa ta yi ta bincike ba, asalin abu tsarki ne. Amma in ta san ya ɓata kunzugunsa, ta sake masa tukuna ko ta kwantar da shi a gefenta, domin ta zama mai ɗauke da najasa. Kawar da najasa wajibi ne tare da tunawa da iko. Wadda ta manta, sai bayan sallama ta gani, an so ta sake in lokaci bai fita ba. Wadda ta rasa yadda za ta yi, lokaci kuma yana shirin fita, ta yi sallarta haka nan.

Duk abin da muka lissafa kuɗi ne: tsummoki dozin biyu, bokiti na dabam, sabulu, ruwan ɗauraya, gawayin guga, da zanen salla. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ciyar da masu shayarwa da tufatar da su a kan uban yaro gwargwadon halinsa, kuma ɗawainiyar ɗa ƙarami a wuyan ubansa ta ke. Ɗan kasuwar da ya yanka rago biyu ranar suna, sa'an nan ya riƙa ƙorafi a kan jarkar ruwa guda, shi ne ya hana ɗaurayar ƙarshe, ba matarsa ba. Ma'aikacin da ya dawo ofis ya tarar da jariri yana kuka, uwa tana kan baho, la'asar tana neman kuɓucewa, ya karɓi yaron minti goma. Nana A'isha ta ba da labari cewa Manzon Allah ya kasance a cikin hidimar iyalinsa in yana gida.

Wasu za su ce ai Pampers, wadda aka fara sayarwa a Amurka a 1961, ta raba gardama. Halal ce, tana da amfani a tafiya da dare da asibiti. Amma tsadarta ta kan sa a bar guda ɗaya a jikin yaro tun safe har yamma, wanda wannan cutarwa ce, kuma hukuncin ɗaukarsa a salla bai sāke ba. Wadda aka cire, a zubar da kashinta a masai, a ƙulle ta a leda a kai bola, kada a jefa ta a kwata ko a cikin masan, domin ba ta ruɓewa da wuri, toshewa ta ke yi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba hukuncin jinin biƙi da lokacin da mai jego za ta koma salla.