Kada sauƙin alamar :: ya ruɗe ka a PHP

Wata safiya kiran wani mai shagon wayoyi ya tashe ni: shafin da na gina masa ya mutu, kwastomomi ba sa ganin farashi. Kamfanin da ke ɗauke da shafin ne ya ɗaga sabarsa zuwa PHP 8 cikin dare. Amma laifin nawa ne, kuma layi ɗaya ne tak: Kaya::farashi().

Ga wanda bai fara nisa ba, kilas kamar abin buga bulo ne, objek kuma shi ne bulon da ka buga. A ƙa'ida sai ka buga bulon da kalmar new kafin ka sa shi aiki. Idan kuwa ka rubuta static a gaban wani aiki, kana iya kiransa kai tsaye da sunan kilas ɗin da ɗigo huɗun nan. Masu JavaScript kullum suna yin irinsa da Math.round() da Date.now().

Ni ban rubuta static ba, na dai kira aikin haka nan. PHP 7, wanda ya fito a 2015, gargaɗi kawai yake yi ya wuce, ni kuma na kashe gargaɗin don yana ɓata mini allo. PHP 8.0 da aka saki a Nuwambar 2020 ba ya wannan kawaicin, tsayar da shafin yake yi.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin da samari ke ba juna a guruf-guruf na WhatsApp: wai liƙa static a ko'ina, a huta. Ban yarda ba. Aikin da aka sa wa static ba shi da $this, wato bai san wane kaya ake magana a kai ba. Farashin Tecno daban, na Samsung daban, to farashin wa zai kawo maka? Inda ya dace shi ne aikin da ba ya buƙatar tuna komai, kamar mayar da kobo zuwa naira.

Wani zai ce ai Laravel cike yake da su Cache::get(). Leƙa ciki ka gani, akwai objek a ɓoye da ake miƙa wa aikin.

Gyaran nan ya ci mini kwana biyu, ina bin fayil-fayil da datar da na saya da kuɗina. Mai shagon bai ƙara mini ko sisi ba.