Tattabaru Ba Sa Biyan Bashi

Kowace shekara ran 15 ga Janairu, ranar da Yaƙin Basasa ya ƙare a 1970, manya kan hallara a Abuja, a ajiye furanni, a saki fararen tattabaru, a busa begila, kowa ya shige motarsa. To, shi wanda ya baro ƙafarsa a Anaca, ko Laberiya, ko dajin Sambisa, me ya ƙaru da shi?

Diyyar nakasa ba sadaka ba ce, bashi ne a wuyan gwamnati. Amma sai a bar gurgu yana zarya da takardu wai tantancewa, sai ka ce dungun ƙafa bai isa shaida ba. A 2022 sai da tsofaffin sojoji suka tare ƙofar Ma'aikatar Tsaro a Abuja a kan haƙƙinsu.

Mu fa, 'yan'uwa marubuta, da wane baki za mu zargi hukuma? Littattafanmu cike suke da kyaftin-kyaftin masu ƙamshin turare suna neman aure. Tsohon kofur mai hannu ɗaya da ke buɗe ƙofar gidan Alhajin labarin kuwa, ko suna ba mu raɗa masa ba. "Baba maigadi" kurum, ya buɗe, mota ta shige.