"DA ƘAFARTA TA JE" BA HUJJA BA CE

Akwai wata magana guda da ta daɗe tana kashe gaskiya a zaurukan Hausawa, tun daga Karu ta Babban Birnin Tarayya har zuwa Sabo ta Badun da Agege ta Ikko. Duk ranar da mace ta fito daga ɗakin mai tausa ko mai ɗori tana hawaye, ta ce an keta mata mutunci, kafin ma a tambaye ta yadda aka yi sai wani dattijo ya gyara zaman rawani ya ce, "To, ai da ƙafarta ta je." Wani kuma ya ɗora masa da cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shi ke nan an gama shari'a, an shafa fatiha, mai laifi ya koma bakin sana'arsa yana jiran ta gaba. Wannan magana ƙarya ce a wurin hankali, ƙarya ce a wurin addini, dokar ƙasa kuwa ta riga ta binne ta, sai dai jama'a da yawa ba su sami labarin jana'izar ba.

Wa ke zuwa wurin mai tausa? Matar da ta wuni tsugune kan tukunyar tuwon sayarwa a kasuwar Karu har bayanta ya riƙe. Yarinyar da ta faɗo daga kan babur a hanyar Nyanya ta yi targaɗe. Mai jegon da ƙugu ya hana ta barci, da tsohuwar da sanyin ƙashi ko shanyewar ɓarin jiki ya kwantar. Waɗansunsu mazansu suna can Kurmi wajen fataucin shanu ko albasa ko tuƙin babbar mota, sai bayan wata da watanni su leƙo gida. Kuɗin asibiti ya yi tsada, layi ya yi tsawo, ga mai ɗori a bayan gida, ga masu tallar tausa har gida ta wayar hannu. Mafi yawan masu wannan sana'a mutanen kirki ne, waɗansu ma gadonta suka yi iyaye da kakanni, kuma sun tashi kafaɗar bayin Allah masu yawa. Amma sana'ar da ake rufe ƙofa a kwaye tufa saboda ita, dole kura ta yi sha'awar shiga rigar makiyayi a cikinta.

Ciwo ne ya kai mace ɗakin nan, magani ta je nema. Izinin da ta bayar na a taɓa inda ke ciwo ne, domin a warkar da shi. Wanda aka ba ajiyar akuya ya yanka ya cinye, ba wanda zai ce ai mai akuya da hannunsa ya kawo. Kowa ya san sunan wannan aiki cin amana ne. To, don me idan jikin 'yar mutane ne aka ci amanarsa sai lissafi ya juye?

A watan Mayu na 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Hana Cin Zarafin Jama'a, wadda aka fi sani da VAPP, kuma ita ke aiki a Karu da sauran yankin Babban Birnin Tarayya. Sashe na 1 na dokar nan ya faɗaɗa ma'anar fyaɗe ƙwarai. Duk wanda ya shigar da wani sashe na jikinsa, ko da yatsa ne, ko wani abu dabam, cikin gaba ko dubura ko bakin wani ba da yardarsa ba, ya yi fyaɗe. Dokar ta kuma bayyana cewa yardar da aka samo da ƙarfi, ko da barazana, ko da wani abin gusar da hankali, ko da yi wa mutum ƙarya game da ainihin abin da ake yi masa, ba yarda ba ce. A nan ne asirin maƙaryacin mai magani ya tonu. Wanda ya ce wa mace wai jijiyar ciwon tana ciki, sai ta can za a kamo ta, ko wai maganin ba ya ci sai an saka shi da hannu, ta kuwa yi shiru don ta gaskata shi, to, shirun nan nata ba zai cece shi a gaban alƙali ba. Hukuncinsa ɗaurin rai da rai ne, in ma an sassauta wa baligi ba za a yi ƙasa da shekara 12 ba, kuma babu zaɓin tara. In taron dangi aka yi mata, mafi ƙaranci shekara 20. Dokar ba ta ware mace kaɗai ba, ɗan dako ko ɗan acaɓan da aka yi wa irin wannan ta'asa shi ma ta rufe shi.

Wannan dabara ta fakewa da magani tsohuwa ce, kuma kotunan duniya sun daɗe da gane ta. Tun a 1877 wata babbar kotu a Ingila ta tabbatar da laifin fyaɗe a kan wani mai suna Flattery, wanda aka kai masa wata budurwa mai farfaɗiya ya sadu da ita, yana ce mata aikin magani yake yi. A Amurka kuwa, likitan 'yan wasan motsa jiki, Larry Nassar, ya shafe shekaru yana lalata da 'yan mata da sunan gyaran baya da ƙugu. Tun 1997 aka fara kai kukansa, manya suna cewa yara ba su fahimci aikin likita ba. Sai a Janairun 2018, bayan mata sama da 150 sun tsaya gaban kotu sun yi bayani, aka yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175. Shekara ashirin na "a rufa asiri" su suka ba shi damar tara wannan adadi.

In kuwa abin bai kai ga shigarwa ba, shafa ce ko matsa a inda ciwo bai kai ba, nan ma doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 285 na dokar Final Kod, wadda har yanzu take aiki a Abuja, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ga wanda ya yi wa wani aikin alfasha ba da yardarsa ba. Sashe na 360 na dokar laifuffuka ta Kudu ya tanadi shekara 2 ga mai taɓa mace ta hanyar batsa. Jihar Ikko kuma tana da tata dokar laifuffuka ta 2011, wadda ta sa ɗaurin rai da rai a kan fyaɗe.

Ya kamata mazauna Kurmi su riƙe wata ƙa'ida: inda aka aikata laifi, can ake kai ƙara. Karu ma kanta biyu ce. Akwai Karu ta cikin Abuja, akwai kuma ƙaramar hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, inda Mararaba da Masaka suke, tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci ce a kan hanyar Keffi. In a ɓangaren Abuja abin ya faru, Babbar Kotun Birnin Tarayya ce ke da ikon sauraren ƙara a ƙarƙashin dokar VAPP, Hukumar Yaƙi da Fataucin Mutane, wato NAPTIP, ita aka ɗora wa nauyin zartar da dokar, kuma ofishinta na Wuse yana karɓar ƙara kai tsaye ba sai an bi ta caji ofis ba. In an tsallaka iyaka, 'yan sanda da kotunan Nasarawa ne ke da magana. Maigidan da ke Fatakwal ko Anacha, ya ɗauko matarsa daga Karu ya kawo ta wurinsa wai don a huce, ya sani ya nisanta ta da kotun da za ta share mata hawaye.

Kwana ukun farko su ne ran shari'a. Maganin da ke hana ƙwayar cutar ƙanjamau kama jiki sai an fara shan sa cikin awa 72, maganin hana ɗaukar ciki ma gwargwadon saurinsa gwargwadon amfaninsa. Shaidar da ke jikin mace da tufafinta kuwa wanka da wanki suna tafiya da ita. Abu na farko da zuciya ke raya wa wadda aka zalunta shi ne ta yi wanka ta ƙona zanen, ba kuwa mai ganin laifinta, amma wanda ke ƙaunarta sai ya lallashe ta a fara zuwa asibiti da tufafin a naɗe, a sami takardar likita, a kuma ajiye duk saƙon waya da shaidar biyan kuɗi da ke nuna ranar da aka je da wanda ya yi aikin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai babban asibitin gwamnati a Karu da Nyanya. A Ikko akwai Cibiyar Mirabel da aka buɗe a 2013 cikin asibitin koyarwa na jiha a Ikeja, tana duba irin waɗannan mata kyauta, ga kuma hukumar da gwamnatin jihar ta kafa da doka a 2021 musamman don cin zarafi a gida da fyaɗe. Wanda ba shi da kuɗin lauya, ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ƙofofinsu a buɗe suke.

Ɗauri kuma ba shi ne iyaka ba. Dokar 2015 ta wajabta wa kotu ta yanka wa wadda aka zalunta diyya, ta hana a buga sunanta ko abin da zai sa a gane ta, ta kuma umarci a ajiye kundin sunayen waɗanda aka samu da laifi, kundin da aka ƙaddamar a Nuwamban 2019 don kowa ya duba. Mace tana da ikon shigar da ƙarar neman diyya ta kanta, lauya kuma zai iya haɗawa da mai gidan tausa ko otel ɗin da ya ɗauki mutumin aiki. In mai laifin ma'aikacin gashin ƙashi ne mai rajista, hukumar da ke kula da sana'arsu tun 1988 tana iya soke sunansa.

Duk waɗannan ƙofofi, abu guda ke toshe su, shi ne sulhun gaggawa. A tara mutane a zaure bayan isha'i, ita mai haƙƙi tana cikin gida ba a ji ta bakinta ba, a sa mai laifi ya rantse ba zai sake ba, a karɓi 'yan kuɗi a ce na magani ne, masu shiga tsakani su cire na goro. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kafin a gama kai da kawo kwana uku sun wuce, shaida ta bi ruwa. Masu yin wannan su sani cewa karɓar kuɗi don a binne babban laifi shi kansa laifi ne a dokar laifuffuka ta Kudu, dokar 2015 kuma ta tanadi hukunci ga mai ɓata shaida ko hana bincike. Sulhu alheri ne a rikicin bashi da iyakar rumfa da faɗan kishiyoyi. Fyaɗe laifi ne a kan jama'a duka, ba mai unguwa ko shugaban ƙungiya da ke da ikon yafe shi a madadin matan da za su shiga ɗakin nan gobe.

Masu fakewa da addini su ma ba su da mafaka. Malamai sun haɗu a kan cewa wadda aka tilasta ba ta da laifi, babu haddi a kanta. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya tafi a kan cewa wanda ya tilasta mace sai ya biya ta sadakin irinta, ban da hukuncin da zai hau kansa. Ashe tun ƙarni na biyu na Hijira mazhabar da ake bi a ƙasar Hausa ta haɗa wa azzalumi horo da biyan kuɗi. Suturta musulmi da ake yawan ambata, ita wadda aka cuta ta fi cancanta da ita, kuma dokar ƙasa ta ba ta wannan sutura. Rufa wa mai cutar jama'a asiri kuwa taya shi aiki ne.

Za a ce ana iya yi wa mutumin kirki ƙazafi. Gaskiya ne, don haka ne ma aka yi kotu, inda ake auna shaida, mai ƙarya kuma doka ta tanadar masa horonsa. Zaure ba ya wanke mai gaskiya, sai dai ya bar shi da tabon zargi har ya mutu. Za a ce caji ofis sai da kuɗi, shari'a kuma sai ta ci shekaru. Wannan ma ba a musu, ko gwamnonin ƙasar nan da kansu a watan Yuni na 2020 sun ayyana halin ko-ta-kwana a kan fyaɗe saboda abin ya ƙazanta. Amma mace ɗaya tilo ita ake wulaƙantawa a bakin kanta. Wadda ta zo da mijinta da limami da lauya da wakilin ƙungiyar 'yan kasuwa, ba mai iya ɓatar da takardarta. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Saboda haka nauyi yana kan sarakunan Hausawa na zango-zango, da limamai, da shugabannin kasuwannin shanu da na gwari da ƙungiyoyin direbobi. Asusun da ake tarawa don kai gawa gida ko belin ɗan ƙungiya, a ware wani abu daga ciki don kuɗin mota da na lauya ga irin waɗannan mata. Masu tausa da ɗori na gaskiya su kafa wa kansu ƙa'ida: mace ta yi wa mace, in kuwa larura ta sa sai namiji, to, kada a rufe ƙofa, kuma 'yar uwarta ta zauna a ciki. Mai gaskiya ba zai ƙi wannan ba, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Miji kuma da aka bugo masa waya yana Kurmi, kalmar farko da za ta fito daga bakinsa ita za ta yanke ko matarsa za ta kwana a asibiti da takardar likita a hannu, ko kuwa za ta haɗiye baƙin cikinta har kabari. Wanda ya amsa da saki uku ya gama wa azzalumi aikinsa.

Allah ya ba shugabanni ikon tsayawa a kan gaskiya, ya kuma tona asirin maciya amana, amin.