Wai Duk Ɗan Kimiyya Sai Ya Riƙe Allura?

Yau dai a yi mini haƙuri, da fushi na zo.

Ranar kasuwa a tashar Jega na ji wani dattijo yana ta yi wa ɗansa faɗa. Wai ya ƙarar da kuɗin albasarsa a kan karatun bayoloji a Aliero, ga shi yaro bai zama likita ba, kullum yana duƙe a kan kwamfuta kamar mai caca. Laifin yaron? Yana son binciken ciwon daji ta hanyar lissafi. Na yi shiru don darajar furfura, amma a nan zan amayar da abin da ke cikina.

Baba, ciwon daji kuskure ne da ke shiga rubutun ƙwayoyin halittar mutum. Rubutun nan harafi kusan biliyan 3 ne, sai a 2003 aka kammala babban aikin karanta shi. Wane ido zai tsinto kuskure a cikin wannan tuli in ba kwamfuta ba?

A 2006, shekarar da aka kafa jami'ar Aliero, Amurka ta fara shirin TCGA, wanda ya tara bayanan majiyyata kusan 11,000 masu nau'in ciwon daji 33. Akasarinsu Turawa ne. Matar Maiyama mai sankarar mama ba ta ciki. Alhali binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade ya nuna nau'in sankarar mama mai wuyar magani ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa. To wa zai karanta namu in mun hana 'ya'yanmu?

Ku kuma malaman jami'a, ku daina fakewa da rashin ɗakin gwaji. Da yawa daga bayanan nan suna intanet kyauta. Abin da ɗalibi ke buƙata shi ne kwamfuta, wuta, da malamin da zai zauna da shi. A Ede ta jihar Osun, Farfesa Christian Happi da mutanensa suka fara karanta ƙwayar korona a Afirka a 2020. Kai biyu gare su?

Baba, ka bar yaron nan. Wata rana likitan da kake so ya zama shi zai zo neman amsa wurinsa.

Allah Ya sa mu gane. Sai mun haɗu.